Fosfaras: zagaye yake yi ko gangara kawai?

'Yar Aji Biyu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah ina da tambaya, kuma ba don jarrabawa kaɗai ba, abin ne ya tsaya mini a rai. Mun karanta zagayen ruwa, da na kabon, da na naitirojin, duk na gane su, domin kowanne yakan hau sama ya shiga iska sannan ya sauko. Da muka zo kan fosfaras sai aka ce shi ba ya hawa iska. Daga dutse yake shiga ƙasa, tsiro ya sha, dabba ta ci tsiro, ta mutu ta ruɓe, ruwan sama ya wanke wani ya kai rafi, rafi ya kai teku, ya kwanta cikin laka. To daga ƙasan teku wa ke dawo da shi? In babu mai dawo da shi, me ya sa ake kiransa zagaye?

Sarkin Gardama: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kin kama su. Ba zagaye ba ne, gangara ce. Masu zane ne suka ga sauran suna da da'ira, sai suka ja wa wannan ma kibiya don kada shafin ya yi muni.

Malam Mai Alli: Sarki, kai dai ba ka gajiya. 'Yata, tambayarki ta fi amsar da yawancin ɗalibai ke haddacewa. Abin da ke rikita mutane shi ne zagayen nan biyu ne, ƙarami a cikin babba, kuma saurinsu ba ɗaya ba.

Ƙaramin shi ne wanda ido ke iya bi. Saiwa ta tsotsi fosfet, wato fosfaras da ya haɗu da oksijin, daga damshin ƙasa, ya shiga ganye da ƙwaya. Ganye ya faɗi, ko dabba ta ci ta yi kashi, ko ita kanta ta mutu. Bakteriya da naman gwari su ruɓar da abin, su saki fosfet ɗin, saiwa ta sake sha. A tsohon dajin da ba a taɓa ba, ƙwayar zarra guda ta fosfaras tana yin wannan kai-da-komo sau ba adadi kafin ruwa ya yi awon gaba da ita. Daji marowaci ne a kan fosfaras. Ko ganyen da zai zubar, sai itace ya janye kusan rabin fosfaras ɗin da ke ciki, ko ma fiye, ya mayar cikin reshe, sannan ya sake shi ya faɗi.

Babban zagayen kuwa na duwatsu ne. Wannan fagen Mai Duwatsu ne, ba zan yi masa shisshigi ba.

Mai Duwatsu: Na gode Malam. Asalin kusan duk fosfaras ɗin da ke jikin mai rai wani ma'adini ne da ake kira apatait, yana warwatse cikin duwatsu. Ruwan sama yana da ɗan tsami saboda iskar kabon da ya narke a ciki, saiwoyi ma suna fitar da nasu tsamin, to su ne ke cin dutsen a hankali har fosfet ya fita. Wanda ya tsere wa tsirrai ya isa teku, ƙananan halittun ruwa su ɗauka, su mutu, gawarsu ta nutse. Mafi yawansa yana sake narkewa tun kafin ya kai ƙasa, kaɗan ne ake binnewa. Wannan kaɗan ɗin laka ke dannewa har ya zama dutse. Sannan motsin ɓawon duniya, wanda ke haifar da girgizar ƙasa da tsaunuka, ya ɗaga tsohon gindin tekun ya mayar da shi tudu. Ruwan sama ya sake farawa daga farko.

In kina son shaida, ki duba ramukan da ake haƙar fosfet a Maroko, wajen Khouribga. Masu haƙa suna tono haƙoran kifin shak da ƙasusuwan manyan dabbobin teku da suka ɓace tun zamanin dainoso. Wurin nan teku ne shekara miliyan 50 zuwa 70 da suka wuce. A Florida ta Amurka ma haka, yankin da ake haƙar har sunansa Kwarin Ƙashi saboda abin da ake tonowa. Ke har ƙololuwar tsaunin Everest dutsen gindin teku ne. Kibiyar gaskiya ce.

Sarkin Gardama: Ranka ya daɗe, bashin da za a biya bayan shekara miliyan hamsin ai kyauta ce. Ni ban ce kibiyar ba ta nan ba a wurin dutse. A wurin ɗan Adam da gonarsa fa?

Mai Duwatsu: A nan kam ba zan yi musu da kai ba. A tsawon rayuwar mutum, har ma ta al'umma, abin da ya kwanta a zurfin teku ya tafi.

'Yar Aji Biyu: Tun da Sarki ya samu maki ɗaya yau ba za mu huta ba. Amma Malam, in har abin yana da wuyar samu haka, me ya sa halitta ta dogara da shi? Ba za a iya rayuwa ba sai da shi?

Malam Mai Alli: Ba za a iya ba, kuma ba shi da mataimaki. Ki ɗauki DNA: haruffan gado da ake ta magana a kansu a jikin wata igiya suke rataye, igiyar kuwa sukari ce da fosfet, sukari da fosfet, har ƙarshe. Ki ɗauki ATP, wanda shi ne kuɗin kashewar kowace ƙwayar halitta: fosfet uku ne a jere, a ɓalle na ƙarshe a samu ƙarfi, a sake manna shi, a sake ɓallewa. A yini guda jikin mutum yana juya ATP da ya kai kusan nauyinsa, ba don yana da shi da yawa ba, sai don ɗan kaɗan ɗin ne ake ta maimaitawa. Fatar da ta lulluɓe kowace ƙwayar halitta ma kitse ne mai kan fosfet. Sannan ƙashi da haƙori, inda kusan kashi 85 cikin 100 na fosfaras ɗin jikinmu yake, haɗe da kalshiyam. Abin dariya, ma'adinin ƙashi ɗan gidan apatait ne. Dutsen da Mai Duwatsu ke magana a kai muna ɗauke da irinsa a baki.

Ga bambancinsa da naitirojin. Kashi 78 cikin 100 na iska naitirojin ne. Akwai bakteriya masu kamo shi, wasunsu a saiwar dangin wake suke zaune, kuma tun 1913 masana'antu ke kamo shi ta hanyar Haber da Bosch. Fosfaras ba shi da irin wannan rumbu a sama. Ba a ƙera shi, sai dai a haƙo ko a sake amfani da wanda aka riga aka haƙo.

Kin san misalin ganga da ake jinginawa ga Liebig, masanin sinadarai ɗan Jamus, ko da yake Carl Sprengel ya riga shi faɗar maganar tun 1828. Ganga ce da aka haɗa da falankin katako, wasu dogaye, ɗaya gajere. Duk yadda kika zuba ruwa ba zai wuce bakin gajeren ba. A tafkuna da yawa, da tsofaffin ƙasashen yankin zafi, gajeren falankin fosfaras ne.

Mai Duwatsu: Bari in ɗan gyara wata magana tun ba ta yi nisa ba. Cewa fosfaras ba ya hawa iska ba daidai ba ne ɗari bisa ɗari. Ba ya zama gas mai yawan da za a lissafa, wannan haka ne. Amma yana hawa a matsayin ƙura, kuma tafiyar ba ƙarama ba ce.

A arewacin Chadi akwai kwarin Bodele, busasshen gindin wani ƙaton tafki na zamanin da. Ƙasar wurin ragowar ƙananan halittun ruwa ce da suka mutu suka taru. Iska tana matsewa tsakanin tsaunukan Tibesti da Ennedi ta fito da ƙarfi, ta kwashi ƙurar. A 2015 masu bincike da suka yi aiki da tauraron CALIPSO na NASA suka ƙiyasta cewa ƙurar Sahara tan miliyan 27.7 ke sauka a yankin Amazon duk shekara, ɗauke da fosfaras kusan tan 22,000, wanda ya yi kusan daidai da abin da ruwan sama da ambaliya ke wankewa daga dajin. Ku duba fa: matattun halittun tafkin da ya ƙafe suna ciyar da daji a hayin Tekun Atlantika.

Hawayi ma ta koya mana abu. Tsibiranta duk daga aman wuta suke, amma shekarunsu sun bambanta. A inda ƙasar ke da shekara 300 kacal, dutse sabo ne, fosfaras na nan, naitirojin ne ke ƙaranci. A tsibirin Kauai, inda ƙasar ta haura shekara miliyan 4, dutsen ya gama ba da abin da yake da shi, itatuwa fosfaras suke nema, kuma mafi yawan sabon da ke shigowa ƙurar Asiya ce ke kawo shi daga dubban kilomita. Ƙasa tana tsufa kamar mutum, kuma da fosfaras ake gane tsufanta.

Sarkin Gardama: Wato dajin Amazon sadakar hamada yake ci. To.

Malam Mai Alli: Kuma ba ƙura kaɗai ke hawa tudu da shi ba. Sarki, ga masu dawo da shi da ba sa jiran shekara miliyan. Kifin salmon yana girma a teku, ya hauro kogi ya yi ƙwai ya mutu. Beyar ta ja shi cikin daji ta ci rabi ta bar rabi, itatuwan bakin kogin su amfana da abin da aka tara a teku. Tsuntsayen teku kuma su ci kifi su yi kashi a tsibiri. A gaɓar Peru, inda ruwan zurfi mai sanyi ke tasowa sama da sinadaran da suka nutse, kifi ya yi yawa, tsuntsu ya yi yawa, ruwan sama kuma babu, sai kashin ya taru a tsibiran Chincha tsawon dubban shekaru har ya zama tudu.

Sarkin Gardama: Malam, ai ka ba ni makami. Me ya faru da tudun? Daga wajen 1840 jiragen ruwa suka yi ta lodinsa zuwa gonakin Turai da Amurka, cikin shekara kusan talatin aka sheme abin da tsuntsaye suka yi dubban shekaru suna tarawa. Har Amurka ta yi doka a 1856 cewa ɗan ƙasarta da ya samu tsibirin da ba kowa mai kashin tsuntsu zai iya kama shi da sunanta. Doka sukutum a kan kashin tsuntsu! Sai Nauru, ɗan tsibiri mai murabba'in kilomita 21, wanda aka fara haƙa a farkon ƙarni na 20, yanzu kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasarsa tsirarun duwatsu ne masu tsini da ba a noma. Shi ya sa na ce gangara ce. In ma da can zagaye ne, mu mun miƙe shi.

Malam Mai Alli: Wannan maganar ta biyu ta fi ta farko, kuma na yarda da ita. Ka ƙara da John Bennet Lawes, wanda a 1842 ya yi rajistar hanyar zuba ruwan batir a kan ƙashi da dutsen fosfet don ya narke tsiro ya iya sha. Daga nan takin sufa ya samo asali. Abin da ruwan sama zai yi dubban shekaru yana yi, masana'anta ta yi shi cikin awoyi.

Mai Garma: Sallama gare ku manya. Ina ta karantawa ban sa baki ba. Ni nawa sani na hannu ne. Abin da na lura shi ne, in ka zuba takin naitirojin cikin 'yan kwanaki za ka ga ganye ya yi kore shar. Na fosfet kuwa shiru kake ji. Kuma an ce tsiro ba ya shan ko rabin abin da aka zuba. To sauran ina yake zuwa? Ruwa ne ke tafiya da shi?

Mai Duwatsu: Yawancinsa yana nan a gonar, ɗan'uwa, sai dai an kulle shi. Fosfet mai son manne wa abu ne. In ƙasa mai tsami ce, ƙarfe da alminiyam su riƙe shi; jar ƙasa ta yankin zafi ta ƙware a wannan. In mai kanwa-kanwa ce, kalshiyam ya riƙe shi. Tsakanin 6 da 7 a ma'aunin tsami na pH ne ya fi sakewa. A shekarar farko da wuya shuka ta ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ka zuba. Kuma ba ya yawo cikin ƙasa kamar naitiret na takin naitirojin, 'yan milimita yake motsawa, sai saiwa ta je ta same shi. Dalilin da ya sa ake cewa a sa shi kusa da iri ke nan, ba a watsa ko'ina ba.

Alamar rashinsa ma ba ta da hayaniya: shuka ta tsumbure, saiwa ba ta yi nisa ba, tsofaffin ganye su yi duhu ko su ja zuwa shunayya, ƙwaya ta makara.

Malam Mai Alli: A nan ne abin da na fi so in koyar yake. Tsirrai ba su zauna jiran tsammani ba. Kusan kashi 80 cikin 100 na nau'o'insu suna ƙawance da wani naman gwari da ake kira maikoraiza. Zarensa ya fi gashin saiwa siranta nesa ba kusa ba, yana kutsawa inda saiwa ba ta shiga, ya kwaso fosfet ya kawo, tsiron ya biya shi da sukari. Ciniki ne tsaf, har ma in ka cika wa ƙasa taki sai tsiron ya rage biyan, ƙawancen ya yi sanyi. Wa zai biya dillali alhali kaya na bakin ƙofa? Wasu tsirran kuma, irin na tsofaffin ƙasashen Ostireliya da Afirka ta Kudu, sukan fitar da saiwa cunkus kamar burushi, ta zubo tsami ya kwance fosfet ɗin da ƙarfe ya riƙe.

Mai Garma: To in a kulle yake a gonata, ta yaya kuma ake cewa taki na ɓata ruwa? Maganar ba ta haɗu ba.

Injiniyar Ruwa: Ta haɗu, Malam Mai Garma, matsalar ma'auni ce. Abin da gona za ta rasa ba ta ji ba ya isa ya haukata tafki. In ruwan sama ya zaizaye ƙasa, da fosfet ɗin da ke manne da ita yake tafiya. In ƙasa ta ƙoshi bayan shekaru ana zuba mata, sai ta fara sakin narkakke. Ka haɗa da kashin dabbobin da aka tara wuri guda, da ruwan masai na birane.

Akwai wani lissafi na Alfred Redfield: a jikin ƙananan tsirran teku, duk ƙwayar zarra 1 ta fosfaras tana tafiya da 16 na naitirojin da 106 na kabon. Ma'ana ɗan fosfaras kaɗan yana buɗe ƙofar tsiro mai ɗimbin yawa. Gansakuka ta rufe ruwa, haske ya daina shiga, ta mutu ta nutse, bakteriya su ruɓar da ita su shanye oksijin, kifi ya taso ciki sama.

An daɗe ana musu a kan wane sinadari ne mai laifi. Masu sabulun wanki, da yake suna zuba fosfet a kayansu, sun fi son a ce kabon ne. A 1973 David Schindler da abokan aikinsa suka raba gardamar a wani tafkin gwaji a Ontario ta Kanada, Tafki na 226. Tafkin yana da ƙugu a tsakiya, sai suka sa labulen roba suka raba shi biyu. Duka ɓangarorin aka zuba musu kabon da naitirojin, ɗaya kaɗai aka ƙara wa fosfet. Wanda aka ƙara wa ya koma kore kamar fenti, ɗayan yana nan garau. Hoton da aka ɗauka daga sama ya yi aikin da dogon bayani bai yi ba, aka shiga taƙaita fosfet a sabulu da ruwan ƙazanta.

Sarkin Gardama: Anti Injiniya, tafki ɗaya a Kanada shi zai yanke wa duniya hukunci? Na karanta cewa a mataccen yankin da ke Tekun Meziko, inda oksijin ke ƙarewa a ruwa, naitirojin ne babban mai laifi.

Injiniyar Ruwa: Ba ka yi ƙarya ba. A ruwan gishiri na gaɓar teku sau da yawa naitirojin ne gajeren falanki, shi ya sa a bakin kogin Mississippi da Tekun Baltik ake maganar rage duka biyun. Amma a tafki, in ka rage naitirojin kaɗai ka bar fosfaras, akwai wani nau'in gansakuka mai shuɗi-kore, wanda a gaskiya bakteriya ne, da wasunsa ke iya kamo naitirojin daga iska. Ka rufe ƙofa sun shigo ta taga. Fosfaras kuwa ba shi da taga.

Kuma a cikin wannan dangin ne ake samun masu guba. A watan Agusta na 2014 aka hana mutanen Toledo a jihar Ohayo, kusan 400,000, shan ruwan famfo na kusan kwana uku saboda gubar maikrosistin daga Tafkin Erie. Tafasawa ma ba ta magani, ƙara tattara gubar take yi. Abin takaicin, tafkin nan an taɓa ceto shi. Bayan yarjejeniyar Amurka da Kanada ta 1972 an gyara matatun ruwan ƙazanta, ya farfaɗo. Sai ciwon ya dawo ta wata hanya, narkakken fosfet daga gonakin kwarin kogin Maumee. Bututu guda ana iya toshe shi. Gona dubu fa?

Wani abin da ke ba mu wahala a aiki: ko ka tsayar da duk abin da ke shigowa, tafkin ba ya warkewa nan take. Fosfet ɗin shekarun baya yana kwance a laka, ƙarfe na riƙe da shi. Da zarar oksijin ya ƙare a ƙasan ruwa sai ƙarfen ya sake shi, ya taso ya ciyar da sabuwar gansakuka, ita kuma ta sake cinye oksijin. Tafki na iya shekara goma ko fiye yana cin tsohon bashi.

'Yar Aji Biyu: Ikon Allah. Wato a gona ana kukan babu, a tafki ana kukan ya yi yawa, kuma abu ɗaya ne. To zai ƙare ne? Na ga ana cewa saura shekara kaɗan.

Sarkin Gardama: Zai ƙare mana. An ce daga wajen 2030 haƙar za ta fara raguwa.

Mai Duwatsu: Sarki, labarinka ya kwana. An yi wannan hasashen a 2009, da alƙaluman lokacin. Sai aka sake ƙidaya, hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta ɗaga ƙiyasin ajiyar duniya daga tan biliyan 16 a 2010 zuwa biliyan 65 a 2011, mafi yawan ƙarin daga Maroko. Ana haƙar sama da tan miliyan 200 a shekara. Yi lissafi da kanka, ɗaruruwan shekaru ne.

Abin da ya fi damuna ba ƙarewa ba ne. Na ɗaya, kusan kashi 70 cikin 100 na ajiyar a hannun ƙasa guda yake, wato Maroko, wani ɓangaren ma a Yammacin Sahara da ake jayayya a kansa. Kowa na cin abinci, amma ƙasashen da ke da dutsen ba su da yawa. Na biyu, mai kyau ake fara kwashewa, na baya sai ya zo da ƙarin datti irin su kadmiyam. Sannan duk tan guda na asid ɗin fosfet da aka yi yana barin kusan tan biyar na wani farin tarkace da ake tarawa tsibi-tsibi.

Sarkin Gardama: Ɗaruruwan shekaru a gaban miliyan hamsin ɗinka ai ƙiftawar ido ce. Har yanzu ina kan bakana.

Injiniyar Ruwa: Zauna a kan bakanka, amma ka san ana iya lanƙwasa gangarar. Mu a matatar ruwan ƙazanta akwai wani farin dutse da ke toshe mana bututu, sunansa siturubait, haɗin magniziyam da amoniya da fosfet. Da can da guduma ake fasa shi ana tsaki. Yanzu wasu matatun da gangan suke sa ya ƙanƙare a cikin tanki, su tattara, taki ne mai narkewa a hankali. Jamus ta yi doka a 2017 cewa daga 2029 manyan matatu dole su ciro fosfaras daga lakar ƙazanta ko tokarta. A wajen kiwo kuma, kaji da aladu ba sa iya narkar da fosfaras ɗin da ke ɗaure cikin ƙwayar hatsi, sai ya wuce ta kashi. Tun shekarun 1990 ake sa musu wani sinadari mai suna faitas a abinci don ya kwance shi, abin da ke fita ya ragu. Kuma fiye da rabin fosfaras ɗin da mutum ke fitarwa ta fitsari yake fita.

Malam Mai Alli: Injiniya, kin tuna mini. Ai daga nan aka fara ganinsa. A 1669 wani mutumin Hambug, Hennig Brand, yana neman hanyar yin zinariya, ya tara fitsari mai yawa ya yi ta dafawa. Zinariya ba ta zo ba, sai wani farin abu mai haske cikin duhu. Sunan ma daga Girkanci ne, mai ɗauke da haske. Maƙwabtansa dai Allah kaɗai ya san abin da suka shaƙa.

Mai Garma: Malam ka sa ni dariya. Amma ni abin da na ɗauka shi ne maganar tsamin ƙasa. In an gyara tsamin da farar ƙasa, wanda aka kulle zai fito?

Mai Duwatsu: Wani zai fito, kuma sabon da za ka zuba ba za a kulle shi da sauri ba. Amma a gwada ƙasar tukuna. In ka zarce, ka ƙwace shi daga hannun ƙarfe ka miƙa wa kalshiyam. Ruɓaɓɓen ganye da kashin dabba ma suna taimakawa, domin suna tare wuraren da fosfet ke mannewa. Kuma duk abin da zai hana ƙasarka zaizaya ya yi maka aiki, ya yi wa Injiniya.

Af, kafin in manta, in koma kan Amazon. Bayan binciken 2015 ɗin, wani na 2019 ya nuna ba ƙura kaɗai ba ce: hayaƙin gobarar daji daga Afirka ma yana kai fosfaras can, kuma nasa ya fi na ƙura saurin narkewa.

'Yar Aji Biyu: To hayaƙi ba iska ba ne? Kada in je in rubuta cewa ba shi da hanyar iska a ce na yi kuskure.

Malam Mai Alli: Toka ce mai laushi iska ke ɗauke da ita, 'yata, fasinja ce ba gas ba. Ki rubuta cewa ba shi da rumbu a sararin sama, amma ƙura da toka na ɗaukarsa. A zanenki ki ja ƙaramar da'ira da layi mai kauri, babbar kuma da ɗigo-ɗigo, ki rubuta miliyoyin shekaru a gefenta.

Sarkin Gardama: Ki bar wuri kuma ki ja tawa kibiyar, miƙaƙƙiya, daga ramin haƙa zuwa tafki. Ki sa sunana a ƙasa.

'Yar Aji Biyu: Kibiyar zan ja, Yaya. Sunan kuwa sai ka zo ka rubuta jarrabawar da kanka.